Ɗigo a Ƙarƙashin Harshe: Muhawara a Kan Gwajin Maganin Alajin Kyanwa

A ƙasar Gumel, tun daga Maigatari da ke bakin iyaka har zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, ba a ajiye kyanwa don ado, ba a kuma raɗa mata suna kamar yadda Turawa ke yi wa tasu. Ma'aikaciya ce, ladanta sauran tuwo da kan kifi, aikinta kuwa tsaron rumbun gero da buhunan wake da riɗi daga ɓarnar ɓeraye. Addini ma bai ƙyamace ta ba, gama malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa sauran ruwan da ta sha mai tsarki ne, kuma kowane almajiri ya san dalilin da ya sa ake yi wa babban sahabin nan alkunya da Abu Huraira, kamar yadda ya san ƙissar matar da ta halaka saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. To, amma duk da wannan matsayi nata, akwai bayin Allah waɗanda da zarar sun shiga ɗakin da ta kwana, sai atishawa ta sarƙe su, idanu su kaɗa su yi jawur suna zubar ruwa, hanci ya toshe, wani ma ƙirjinsa ya ɗaure yana numfashi da ƙyar kamar mai fuka.

Tsofaffinmu sun daɗe suna ɗora laifin a kan gashinta, suna cewa in ya faɗa cikin abinci aka haɗiye shi yakan zama tari. Binciken likitoci ya nuna sun kusanci gaskiya, ko da yake ba su dira a kanta ba, domin asalin illar wani sinadari ne da ake kira Fel d 1, wanda ke fitowa daga fatar kyanwa da miyaunta, ta shafe jikinta da shi sa'ad da take lasar kanta, ya bushe, ya tashi cikin iska a kan ɓurɓushin da ido ba ya gani, ya manne wa tufafi da katifa da labule, har akan same shi a makarantu da gidajen da kyanwa ba ta taɓa takawa ba. Muzuru ya fi macen fitar da shi. Ga akasarin mutane ba ya yin kome, amma ga wanda aka jarrabta, garkuwar jikinsa takan ɗauke shi abokin gaba, ta ƙera masa wani makami mai suna IgE, wanda masana suka gano a Amurka da Suwidin tsakanin 1966 da 1967, kuma duk lokacin da suka gamu sai jiki ya ta da yaƙi alhali babu maƙiyi. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira alaji.

Magungunan da aka saba saye a kemis, irin su Piriton da abin shaƙa na masu asma, lafar da abin kawai suke yi, in ƙarfinsu ya ƙare a koma gidan jiya. Dabarar da ake jayayya a kanta dabam take, ita ce a riƙa ba jiki wannan sinadarin da yake ƙi, kaɗan-kaɗan, a kai a kai, har ya saba da shi ya daina yi masa bore. Likitoci biyu na asibitin St Mary's da ke Landan, Leonard Noon da John Freeman, su suka buɗe wannan ƙofa a 1911, ta hanyar allura, ga masu alajin ƙurar furen ciyawa. Bayan shekaru masu yawa aka ce, me zai hana a bar allura, a sa abin a ƙarƙashin harshe? Mutum zai ɗaga harshensa, ya ɗiga ruwan ko ya ajiye ƙwayar a wannan lungu mai taushi, ya rufe baki ya daure minti ɗaya ko biyu bai haɗiyi miyau ba, sa'an nan ya ɗan dakata kafin ya ci ko ya sha. Gobe ma haka, jibi ma haka, har shekara uku. Mas'alar da ta raba kan masu ilmi ita ce, shin ya dace a ci gaba da gwada wannan hanya a kan manya masu alajin kyanwa, har ma a kawo gwajin ƙasashe irin namu, ko kuwa ɓarnar dukiya ce da jefa mutane cikin kasada a kan abin da bai taka kara ya karya ba?

Masu goyon baya sukan fara ne da tarihin allurar kanta. Suka ce ba wanda ke musun cewa allura tana aiki, har ga alajin kyanwa, amma fa aiki ne mai haɗari, domin a 1986 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Ingila ya bayyana cewa mutum 26 sun rasu tun daga 1957 sakamakon irin wannan allura, abin da ya sa aka ƙuntata yin ta, sai a wurin da ke da kayan ceton rai. A cikin wannan shekarar ce kuma Glenis Scadding da Jonathan Brostoff suka wallafa gwaji na farko mai tsari a kan ɗigon ƙarƙashin harshe, kuma kafin 1998 ta ƙare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa hanya ce da za a iya bi a madadin allura. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wadda aka san ta da tsanani, ta halatta ƙwayoyin ƙarƙashin harshe ga masu alajin ƙurar fure, a 2017 kuma ta ƙara da na ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki. To, in ji su, tun da illar ɗaya ce, wato IgE ɗin nan, kuma tun da naman da ke ƙarƙashin harshe yana da ɗabi'ar karɓar baƙon abu cikin lumana, saboda ta nan ne abinci iri-iri ke wucewa kullum, ai ƙiyasi ya hukunta cewa abin da ya yi wa ciyawa da ƙwaro zai yi wa kyanwa, kuma ba a tabbatar da ƙiyasi sai da gwaji.

Hujjarsu ta biyu ta fi kusa da mu. Mai karɓar allura sai ya je asibiti kowane mako na wasu watanni, daga nan kowane wata har shekara uku zuwa biyar, kuma kowace zuwa sai ya zauna rabin sa'a a gaban ma'aikaci kafin a sallame shi, don gudun kada jikinsa ya yi bore a hanya. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni ƙalilan ne ƙwarai a Nijeriya, saboda haka manomin Sule Tankarkar da aka ce ya riƙa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kowane mako, ko da damina ko da kaka, daidai yake da wanda aka ce masa babu magani. Ɗigo kuwa, in aka ɗauke na farko wanda dole a yi shi a gaban likita, a ɗaki ake yin sa. Suka ce in akwai al'ummar da wannan hanya ta dace da ita, ai waɗanda asibiti ya yi wa nisa ne, ba mutanen Landan da ke da likita a kowane lungu ba.

In aka ce musu ai maganin abin ba wuya, a kori kyanwar kowa ya huta, sai su yi murmushi su ce mai wannan magana bai taɓa buɗe sito ya tarar ɓera ya huda buhu goma ba. Ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, kuma ɓera ne ke ɗauke da shi yana watsa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Ban da wannan, an auna an ga cewa bayan an fitar da kyanwa daga gida, sinadarin nan yakan yi wata biyar ko shida kafin ya ragu, kuma a garuruwanmu, inda kyanwar maƙwabci ke tsallaka katanga ba sallama, korar taka ba ta raba ka da tasa.

Masu adawa ba su ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan tarihohi ba. Inda suka tsaya shi ne ƙiyasin, suka ce ƙiyasi ne wanda ke da bambanci a tsakani. Furen ciyawa yana da lokacinsa, ya zo ya wuce, jiki ya huta, amma mai zama da kyanwa yana shaƙar abinta dare da rana, ta yadda ɗan abin da za a ɗiga masa zai iya nutsewa cikin wanda yake shaƙa dama. Suka ce mu bar zance, mu dubi abin da gwaji ya nuna. A 1993 Harold Nelson da abokan aikinsa a birnin Denver na Amurka sun gwada ɗigon kyanwa a kan mutum 41 har kwana 105, an ba wasu na gaske, an ba wasu ruwan da ba kome a cikinsa, ba tare da mai sha ko mai bayarwa ya san wane ne wane ba, sa'an nan aka shigar da su gidan da kyanwoyi suka zauna. Sai ga shi duka rukunin biyu sun sami sauƙi, kuma babu wani bambanci na a zo a gani a tsakaninsu. Gaskiya ne cewa a 2007 likita Alvarez-Cuesta da jama'arsa a Madrid ta ƙasar Sifen sun ba da labari mai daɗi, cewa bayan shekara guda alamun ciwon sun ragu da kashi 62 cikin 100 ga waɗanda suka sha na gasken, amma mutum 50 aka fara da su, 33 kacal suka kai ƙarshe. Shaidu biyu ke nan a gaban alƙali, ɗaya ya ce ya gani, ɗaya ya ce bai gani ba, kuma kowannensu idonsa da rauni. Wane alƙali ne zai yanke hukunci da irin wannan bayyina? Shi ya sa hukumar nan ta Amurka da ta halatta na ciyawa da na ƙwaro ba ta halatta na kyanwa ba, likitocin da ke ba da shi a can suna yi ne bisa ijtihadin kansu.

Akwai wani labari da masu adawa ba sa gajiya da maimaitawa, kuma ya cancanci a dakata a kansa. Wani kamfani na Ingila mai suna Circassia ya kashe dukiya mai ɗimbin yawa a kan wata sabuwar allurar alajin kyanwa, wadda ƙananan gwaje-gwaje suka nuna tana da kyakkyawan alkawari. Da aka yi babban gwaji a kan mutane sama da dubu ɗaya, aka buɗe sakamako a watan Yuni na 2016, sai aka tarar waɗanda aka yi wa ta gaske sun sami sauƙi da kusan kashi 60 cikin 100, waɗanda aka yi wa ta wofi su ma sun sami sauƙi da kusan kashi 60 cikin 100. A rana ɗaya darajar kamfanin ta zube. Abin lura a nan, in ji su, shi ne ɗan Adam in ya sa rai ana yi masa magani, kuma ga likita yana tambayar lafiyarsa a kai a kai, jikinsa kan ba shi labarin sauƙi ko da ruwa aka ba shi. Saboda haka duk wanda ya zo yana rantsuwa cewa shi ɗigon ya yi masa aiki, ba ƙarya yake yi ba, amma rantsuwarsa ba hujja ba ce.

Suka ƙara da batun haƙuri. Wani bincike da aka wallafa a 2013, wanda ya bi diddigin takardun sayen magani a ƙasar Holan, ya nuna cewa cikin masu maganin ƙarƙashin harshe, 7 cikin 100 ne kaɗai suka cika shekara ukun, alhali cikin masu allura 23 suka cika. Wato sauƙin nan da ake yabo shi ne kuma aibinsa, domin abin da aka bar wa mutum shi kaɗai a ɗaki, ba mai tuna masa, mantuwa da gajiya sukan cinye shi. In haka ta faru a ƙasar da ke da inshora da lantarki, yaya ke nan ga wanda zai tafi cin rani wata biyar, ko wanda aka ce ya ajiye kwalba a firiji a watan Afrilu a Maigatari? Kuma maganin ba kyanwar Lami ba ne. Ƙaiƙayin baki da kumburin ƙarƙashin harshe da kartar maƙogwaro abu ne da aka saba gani a makonnin farko, kuma ko da yake da wuya ƙwarai, yakan faru jiki ya yi mummunan bore, maƙogwaro ya shaƙe, jini ya faɗi, wanda in ba a yi allurar adiranalin nan take ba ana iya rasa rai. A Amurka ba a ba mutum ƙwayar sai an rubuta masa wannan allura ya ajiye a gida. Sa'an nan wanda asmarsa ta yi tsanani ba a kuma shawo kanta ba, ba a yarda a ba shi maganin sam, alhali shi ne ya fi kowa bukata.

Ga wannan duka masu goyon baya suna da amsa, kuma amsar ba ta da rauni. Suka ce duk abin da abokan jayayyarsu suka lissafa hujja ce a kan mai sayar da maganin yana cewa mujarrabi ne, ba hujja ba ce a kan mai neman a gwada. Bal ma saɓanin shaidun nan biyu shi ne ya wajabta a nemo na uku mai ƙarfin gani. Kwana 105 na Denver bai kai ko wata huɗu ba, a maganin da ake lissafa shi da shekaru, don haka ba mamaki in bai nuna kome ba, na Madrid kuwa da ya kai shekara ya nuna. Faɗuwar Circassia ma, a ganinsu, nasara ce ta gwaji, gama ba don shi ba da yanzu ana can ana sayar wa jama'a allurar da ba ta fi ruwa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Dalilin zaɓen manya kuwa shi ne, baligi mai hankali shi ke iya sauraron bayani ya yarda ko ya ƙi, ya kuma faɗi abin da yake ji a jikinsa, ba kamar yaro ba.

Suka kuma kawo wata hujja mai zurfi game da dalilin da ya sa bai kamata a bar gwajin ga Turai da Amurka kaɗai ba. A 2011 wasu masana na Suwidin da Zimbabuwe sun wallafa cewa mutanen da ke ɗauke da tsutsar ciki da makamantanta, in aka auna jininsu yakan nuna kamar suna da alajin kyanwa, alhali ba Fel d 1 jikinsu ke yaƙa ba, wani nau'in sukari ne da ke jikin wani sinadarin kyanwa na dabam. Ma'ana, awon da ke faɗin gaskiya a Madrid yana iya yin ƙarya a ƙasar da tsargiya da tsutsar ciki suka yi yawa. To, in awo kansa yana sauya hali daga ƙasa zuwa ƙasa, wa ya ba mu tabbacin magani ba zai sauya ba? In ba a gwada a jikinmu ba, za mu dawwama muna shan abin da aka auna a jikin wasu.

Masu adawa suka karɓe wannan hujja suka juya ta. Suka ce madalla, ashe ke nan kafin a yi maganar magani sai an san wane ne mai ciwon. A nan ƙasar, daga watan Nuwamba zuwa Maris, hunturu yana kwaso ƙura daga hamadar Bodele ta ƙasar Chadi ya zuba mana, ga ƙaiƙayin sussukar gero, ga hayaƙin murhu, ga kyankyasai, kuma kowannensu yana sa atishawa da tari. Wanda ya shiga sito ya fito yana hawaye, ta yaya za a san kyanwar ce ko ƙurar hatsin? Kyanwarmu kuma ba ta kwana a kan gadon mai gida a ɗaki mai darduma da tagogi a rufe, yawancin rayuwarta a tsakar gida da bayan rumbu take, inda iska ke kaɗawa. Suka ce jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa, jihar da mai asma ke rasa abin shaƙa na ƙwarai a ƙauyensa, ba ta da rarar likita ko nas da za ta ware don atishawar kyanwa, kuma ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa ana gabatar da mafi muhimmanci a kan muhimmi.

Daga nan sukan taɓo tabon da bai warke ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ba a rasa alaƙa tsakanin wannan da ƙin allurar shan inna da aka yi a 2003 ba, wanda ya mai da hannun agogo baya ƙwarai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Masu adawa suka ce amanar jama'a ga asibiti dukiya ce da aka sha wuya kafin a farfaɗo da ita, kuma ba hikima ba ce a sa ta a caca saboda ciwon da galibi ba ya kisa, domin in mutum ɗaya ya shaƙe a wani ƙauye, ba ɗigon kyanwa kaɗai za a ƙi ba, har rigakafin ƙyanda sai ya shafa.

Na taɓa jin wani dattijo mai sayar da hatsi, wanda kyanwar shagonsa ke sa shi hawaye, yana tattauna irin wannan da ɗan ƙanwarsa, malamin asibiti. Bayan yaron ya gama bayani, sai dattijon ya ce, "Kai likita, wato in na fahimta, rabinmu za a ba magani, rabi a ba su ruwan banza, kuma kai kanka ba ka san wanda aka ba wanne ba?" Ya ce, "Haka ne, Kawu, don kada son zuciya ya shiga lissafi." Dattijo ya ce, "Ashe ku ma lalube kuke yi. To, in kun gama kun samo na gasken ka kawo mini. Kafin nan ita ta kwana a shago, ni in kwana a gida." Kowane ɓangare yana iya cewa wannan zance nasa ne: masu adawa su ce ga shi mutum ya warware matsalarsa ba ɗigo ba allura, masu goyon baya su ce ga shi an yi wa wanda bai yi boko ba bayanin gwaji ya fahimta sarai, ya kuma ƙi da hankalinsa, wanda shi ne ainihin abin da ake nufi da neman yarda. Masu goyon baya sukan kuma tunatar cewa darasin Kano shi ne a gyara yadda ake gwaji, kuma ga hukumar NAFDAC da kwamitin ƙasa na ladubban binciken lafiya, waɗanda sai da izninsu ake yi.

Wani zai tambaya game da azumi, tun da abu ne na kullum. Majalisar Fiƙihu ta Duniyar Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi a kan cewa ƙwayar da masu ciwon zuciya ke sawa a ƙarƙashin harshe ba ta karya azumi muddin an kiyaye haɗiyewa. Maganin alaji kuwa galibi akan haɗiye shi bayan ya narke, amma tun da sau ɗaya ne a yini, mai shi ya jinkirta zuwa bayan buɗa-baki ya fita daga saɓani.

In aka tace maganganun nan, za a ga cewa ba duka ne ke da nauyi ɗaya ba. Abin da ya kai matsayin yaƙini shi ne, hanyar ƙarƙashin harshe tana aiki ga alajin ciyawa da na ƙwarin ƙura, kuma ta fi allura aminci nesa ba kusa ba. A nan masu goyon baya suka yi rinjaye. Abin da bai wuce zato ba shi ne aikinta ga kyanwa, kuma a nan masu adawa ne ke da gaskiya, domin mutum 41 da mutum 33 ba su isa a gina fatawa a kansu ba, musamman bayan abin da 2016 ta koyar. Saboda haka ni a nawa ganin, duk wanda ya kawo kwalba yau ya ce wa mutumin Gumel ga maganin alajin kyanwa tabbatacce, ya faɗi abin da ilmi bai faɗa ba tukuna. Amma hujjar masu adawa ta cewa kada a gwada sam, ita ce mafi rauni cikin hujjojinsu, gama da an bi ta tun 1986 da babu ƙwayoyin da aka halatta a 2014. Hujjar fifita manyan cututtuka kuwa tana da ƙarfi ne in kuɗin jiha da ma'aikatanta za a ɗiba. In mai maganin ne zai ɗauki nauyi, har ya bar wa asibiti kayan awo da ma'aikatan da aka horar, ƙarfinta ya ragu, ko da yake bai ƙare ba, domin sa'ar da nas ta ba gwaji an ɗauke ta ne daga wani majinyaci.

Ana kuma iya wayar gari a tarar wata hanya ta sha gaban wannan, don kuwa kamfanin Regeneron na Amurka yana gwada allurar da ke ɗaure Fel d 1 kai tsaye a jikin mutum, kamfanin Purina kuma tun 2020 yake sayar da abincin kyanwa mai wani sinadari daga ƙwai, wanda ya ce yana rage ƙarfin abin a gashinta da kimanin kashi 47 cikin 100. Sai dai kyanwar da aka ajiye don ta ci ɓera, ban ga mai saya mata irin wannan abinci ba.

Inda mas'alar ta tsaya cak shi ne batun kawo gwajin nan gida, kuma ta rataya ne a kan abubuwa biyu. Na farko adadi: in aka yi awon fata da na jini mai bambance Fel d 1 daga ruɗin tsutsa, ga masu asma da masu yawan mura da ke zuwa Babban Asibitin Gumel ko na Rasheed Shekoni a Dutse, aka tarar masu alajin kyanwa na haƙiƙa suna da yawa, to maganar masu goyon baya ta sami ƙafar tsayawa, in aka tarar 'yan ƙalilan ne, ƙura da hayaƙi ne ke da yawancin laifin, to masu adawa sun ci gari ba tare da an ɗiga wa kowa kome ba. Na biyu shi ne abin da zai biyo bayan gwajin. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964 ta kuma yi ta gyarawa, ta nemi a tanadi yadda waɗanda aka yi gwaji da su za su ci gaba da samun maganin in ya tabbata yana da amfani. Gwaji yakan ƙare cikin shekara guda, magani kuwa na shekara uku ne, kuma daga waje ake shigo da shi da kuɗin waje. Masu goyon baya sun ce ana iya rubuta wannan sharaɗi cikin yarjejeniya tun kafin a fara, masu adawa kuwa sun ce a Kano sai da aka shekara 13 kafin a kai ga sulhu, don haka su sai sun ga wanda zai tsaya wa manomin Sule Tankarkar a shekara ta biyu da ta uku kafin su sa hannu.